Zanen Ɗalibai a Waya da Kwamfuta: Yaya Yaro Zai Nuna Ko Shi Wane Ne?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da darasin zane a wata makarantar sakandare a Funtuwa. Wannan zangon na ba 'yan aji huɗu da aji biyar aiki, na ce kowa ya haɗa fosta a waya ko kwamfuta wadda za ta nuna ko shi wane ne da abin da ya ɗauka da muhimmanci a rayuwa. Abin da suka kawo ya kashe min jiki. Kusan duk iri ɗaya ne: hoton zaki ko kambun sarauta, da maganar Turanci da aka kwaso daga intanet. Waɗanda suka tuna da gida kuma sun manna dagin Arewa a kusurwa. Wasu 'yan matan ba su ma yi ba, sun ce a gida an hana su sa hotonsu. Shin aikin ne bai dace da yaranmu ba, ko ni ce ban iya ba da shi ba? Kuma ta yaya ake ba da maki a irin wannan?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Na ji daɗin wannan tambaya, domin ta fito daga bakin wadda ta zauna ta duba aikin ɗalibanta, ba ta tsaya ga sa maki ta wuce ba. Idan na fahimce ki, kin nemi yara su nuna kansu sai suka kawo miki abin da ba nasu ba, akwai kuma waɗanda sharaɗin gida ya tare, ga matsalar yadda za a auna aikin da ya shafi rayuwar mutum. Na daɗe ina koyar da zanen girafik, a aji da kuma wajen horar da matasa masu son shiga sana'ar, kuma zakin nan da kambun nan na san su sarai. Aikin da kika bayar ya dace da yaranmu ƙwarai. Abin da za a sauya shi ne inda ake farawa. An fara daga waya, alhali ita ya kamata ta zo a ƙarshe.

Inda zaki da kambu suka fito

Ki fara duba shekarunsu. Masana koyar da zane, tun daga Viktor Lowenfeld a shekarun 1940, sun lura cewa ƙaramin yaro yana zane ba shakka ba tsoro, amma da ya kai wajen shekara tara zuwa goma sha biyu sai ya fara gwada abin da hannunsa ya yi da abin da idonsa ke gani. Ya ga bambanci, ya yanke wa kansa hukunci cewa shi bai iya zane ba. Da yawa daga nan suke ajiye fensir. To ga yaro ɗan shekara goma sha biyar wanda ya riga ya yanke wannan hukunci, sai aka miƙa masa manhaja mai ɗauke da dubban ƙira da aka riga aka gama, nasa kawai ya sauya suna. Ai ya samu mafaka. Canva, wadda aka kafa a Ostareliya a 2013, don haka aka yi ta: wanda bai koyi zane ba ya fitar da abu mai tsafta cikin 'yan mintoci. Ba laifinta ba ne. Sai dai duk shawarar da muke so yaron ya yanke, ta launi, ta haruffa, ta inda ido zai fara sauka, wani ya riga ya yanke masa ita. In kuma ya rubuta ƙarfi ko nasara a wurin nema, abin da ya fito masa shi ne ya fito wa na kusa da shi a benci.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, kuma littattafan koyarwa da aka rubuta a waje ba sa kawo shi. Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam, ya ce babban aikin ƙuruciya shi ne mutum ya gano ko shi wane ne. James Marcia kuma, shi ma masanin wannan fannin, a 1966 ya bambanta matashin da ya yi bincike sannan ya riƙe abin da ya riƙe, da wanda ya karɓa kawai bai taɓa juya abin ya duba ba. Bambancin yana da amfani, ina aiki da shi. Amma a Amurka aka yi wannan nazari, inda ake renon yaro a kan ya yi magana game da kansa, ya faɗi abin da ya fi so da abin da ya fi iyawa. Namu yaron a kan yabon kai jahilci aka rene shi. Ki tambaye shi ko shi wane ne, zai ce miki ɗan gidan wane ne a unguwa kaza, jikan wance. Wannan ba rashin sanin kai ba ne, haka yake ganin kansa, a tsakiyar mutanensa. Saboda haka in malama ta ce "nuna mana kai wane ne", abin da kunnensa ke ji shi ne "tashi ka yi fariya a gaban abokanka". Hanyar tsira ita ce ya ari fuskar da ba tasa ba. In an yi wa zaki dariya, ai ba shi aka yi wa ba.

Masu dagin Arewa sun kama hanya, amma su ma ba su iso ba. Dagi tsohon ado ne, ana ganin sa a aikin riga, a fata, a bangon gidaje, kuma tun zamanin Sardauna ya zama alamar Arewa baki ɗaya. Alamar da ta tattara miliyoyin mutane kuwa ba za ta ce komai a kan yarinya ɗaya 'yar aji biyar ba. Akwai labarin da nake so ki ba su, domin a Zariya ya faru, nan kusa da ku. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ana koya musu zane irin na makarantun Ingila, su kuma suka ce za su riƙe ƙwarewar amma su cika ta da abin da suka taso a ciki. Ba kwaso alamomi suka yi suna mannawa ba. Okeke komawa ya yi ga zanen uli na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta sani, ya koyi yadda layinsa ke tafiya har ya zauna a hannunsa. Su ma ɗalibai ne a lokacin, ba manyan masana ba.

Yadda nake tsara aikin

Makon farko ba a haɗa komai. Kowa ya je ya ɗauko hotunan abubuwa goma da hannun mutanen gidansu ke taɓawa kullum. Ba fuska, ba abin da aka sauko daga intanet, ba kuma kayan da aka jera musamman don a ɗauka. Murfin tukunya, buta, keken ɗinki, allon ƙani, igiyar guga, sikelin shagon baba, tsohuwar rediyo. Sai ya zaɓi ɗaya ya tambayi wani babba: daga ina wannan ya zo, wa ya fara amfani da shi, me ya sa har yau ba a yar da shi ba? Ya rubuta amsar a layi uku ko huɗu, da harshen da aka ba shi ita. Ki lura ban ce ya yi magana a kan kansa ba. Na ba shi abin da zai laɓe a bayansa, amma wannan karon abin na gidansu ne, kuma ɗayan da ya ɗauka cikin goman nan ya riga ya fara faɗin ko shi wane ne.

Batun ɗabi'u ma haka. In kika ce su lissafa abin da suka ɗauka da muhimmanci, za su karanto miki gaskiya, amana, haƙuri, kunya, ladabi, karamci, kusan jerin da Anthony Kirk-Greene, Bature manazarcin Hausa, ya tattara a 1974 da yake bayanin wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Duk daidai ne, kuma duk ajin abu ɗaya za su kawo. Waɗannan ba su da siffa, ba a iya zana su kai tsaye. Tambayar da ke fito da abin zane ita ce: yaushe ka ga an yi wannan a gabanka, wa ya yi, me ke hannunsa a lokacin?

Akwai wani ɗalibina da mahaifinsa ke gyaran babur a bakin titi. Hotunan da ya fara kawowa na gidan maƙwabtansu ne masu hali, ƙofar ƙarfe da mota. Da na zauna da shi, sai da ƙyar ya nuna min wani hoto da bai yi niyyar nunawa ba: katako a jikin rumfar babansa, an kafa ƙusoshi, makullan babura na rataye. Na ce na su wa ne? Ya ce na waɗanda gyaransu bai ƙare ba, sukan bar babur da makulli su tafi gida, ba takarda ba shaida. Ya faɗe shi kamar ba komai ba, don tun yana ƙarami yake gani. Fostar da ya haɗa daga baya baƙa ce wuluk, ya bi siffar makullan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kowane da abin da mai shi ya ɗaura masa, wani guntun fata, wani zaren roba, wani murfin kwalba da aka huda. A ƙasa ya sa maganar da babansa ke gaya wa masu babur: "Je ka, gobe ka zo ka ɗauka." Bai rubuta amana ko'ina ba, kuma ba wanda ya kalli fostar bai gane ba.

Mako na biyu takarda da fensir ne: ƙananan zane aƙalla shida, kowane kamar girman kwalin ashana, don a gwada jeri daban-daban kafin zuciya ta kwanta a kan ɗaya. Sai a mako na uku a taɓa waya, kuma da sharuɗɗa. Launi uku kacal, a tsamo su daga hoton da yaron ya ɗauka da kansa, da abin ɗiban launi da kusan kowace manhajar zane ke da shi. Kalmomi kada su wuce bakwai, kuma su zama waɗanda ya ji daga bakin wanda ya sani. Salon haruffa ɗaya, in ya yi yawa biyu. Yara kan yi ƙorafi cewa an ɗaure musu hannu. Amma sharaɗin ne ke tilasta zaɓi, wanda kuwa aka ba shi launi uku dole ya yi tunanin wane zai bari. Launin da aka tsamo daga gida yana ba da mamaki: jan ƙasar bango, shuɗin da ya koɗe a tsohon zanen kaka, koren tabarmar roba da rana ta ci. Ba za ki same su a ƙirar intanet ba.

Kada kuma mu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Akwai malaman da in an ce asali sai sun ga ƙwarya da faifai da raƙumi, ko da yaron a gidan bene ya tashi bai taɓa riƙe faifai ba. Wannan ma aro ne. Yaron da ke mutuwar son wata ƙungiyar ƙwallo ta Sifaniya, yarinyar da ke kallon finafinan Indiya ko na Koriya, wanda ya koyi zane daga kwaikwayon katun na Japan, duk wannan yana cikin rayuwarsu, ba za mu ce su ɓoye ba. Geznar da muke ado da ita ranar Sallah a Ostiriya ake saƙa ta, amma da ta bi ta hannun maɗinki da mai aikin wuya, ba mai cewa ba tamu ba ce. Abin da nake nema ga ɗalibi ke nan: in ya aro, abin ya bi ta hannunsa. Mai son ƙwallo ya ƙirƙira wa ƙungiyar unguwarsu riga da tambari, ya gaya mana dalilin launin. Ki tuna kuma aji a gari irin Funtuwa ba Hausawa ne zalla ba. Akwai Bafulatana, akwai Bayaraben da a garin aka haife shi, akwai Kirista daga kudancin Kaduna. Aikin da ya fara daga kayan gida yana ba kowa wuri. Wanda ya fara da "al'adunmu" yakan sa wasu su ji su baƙi ne a ajinsu.

'Yan matan da aka hana sa hoto

Abu biyu ake haɗawa a nan, gara a raba su. Na farko tsaro ne da kunya, kuma iyayen suna da gaskiya, ina bayansu. Hoton yarinya da ya shiga guruf ɗin WhatsApp na aji ya fita daga hannun kowa, ana iya tura shi, a yanke, a ɗora a inda ba a so. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta sa sharaɗin amincewar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Ni a ajina ba na neman fuskar kowa, mace ko namiji, don kada waɗanda aka hana su zama saniyar ware.

Na biyu shi ne hukuncin zana abu mai rai. Wannan fagen malaman fiƙihu ne, ba nawa ba, kuma sun yi saɓani a kan hoton kyamara da wanda ke cikin waya. Abin da ya shafe ni a matsayina na malamin aji shi ne ba na jayayya da uba a kan abin da ya riƙe na addini, kuma ba na bukatar yin ta. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Filin da ya nuna masa yana da faɗi ƙwarai, kuma a cikinsa mafi yawan fasahar ƙasar nan ta girma: zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, aska takwas da tambari a ƙirjin babbar riga, adon bango a Zariya da Kano da Birnin Damagaram, ɗinkin hula, lalle, aikin dukawa. Duk babu fuska, amma wanda ya san abin yakan dubi hula ya ce wannan hannun wance ne. Irin wannan adon kuma shi waya ta fi iyawa, domin maimaitawa ne da juyawa da daidaita hagu da dama. Manhajojin zane na ibisPaint da Krita suna da ma'aunin da in an ja layi a gefe ɗaya zai fito a sauran ɓangarorin. Yarinyar da ta iya lalle ta riga ta san tazara da cike gurbi da inda ake barin fili, kuma sau da yawa takan riga wanda ya iya latse-latsen manhaja zama mai zane na gaske.

Wata ɗaliba ta tsaya a bakin ɗakin mahaifiyarta da la'asar, ta ɗauki takalman da ke ƙofa daga sama. Silifas na roba, takalmin makaranta mai ƙura, na wata tsohuwa da dugadugansa suka cinye ta gefe ɗaya, ƙanana biyu da aka cire a birkice. Ta ce ɗakin ba ya rabuwa da baƙi, kuma ba a barin wanda ya zo ya tafi bai ci wani abu ba. Ta mai da takalman siffofi masu launi biyu, ta jera su duk suna fuskantar ƙofa ɗaya. Ba uban da zai hana irin wannan aikin, kuma ya faɗi abin da hoton fuskarta ba zai faɗa ba.

Wani aikin da ke karɓuwa a kowane gida shi ne sunan mutum, da boko ko ajami ko duka biyun. Ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta fitar da salon haruffa na kyauta don ajamin yankinmu, akwai Alkalami wanda ya bi rubutun Kano, akwai kuma Harmattan. Amma na fi son yaro ya rubuta da alƙalami da tawada a farar takarda, ya ɗauki hoto a wurin haske, ya cire farin, ya ɗora rubutun hannunsa a aikin. A guji sa aya a takardar da za a buga a manna, don ƙarshenta faɗuwa ƙasa. A boko kuma ki sa su gwada ƙ da ɗ da ɓ kafin su zaɓi salo, domin da yawa daga kyawawan haruffan nan ba su da su, sai Ɗahiru ya ga ɗan akwati a maimakon Ɗ a farkon sunansa. Salon Noto Sans da na Andika suna da su.

Kayan aiki

Ba sai kowa yana da waya ba. Mutum uku ko huɗu a waya ɗaya ya isa, tunda rabin aikin a takarda ake yin sa. PixelLab da ibisPaint da Sketchbook suna aiki ba data bayan an sauke su. In makarantar na da kwamfuta, Inkscape da Krita da GIMP kyauta ne. CorelDRAW kuwa shi za su tarar a yawancin shagunan buga takardu, masu son sana'ar ya kamata su san shi. In za a buga a takardar A4, su buɗe aikin tun farko a faɗin ɗigo 2480 da tsawon 3508, in ba haka ba zai fito dishi-dishi. Su turo miki a matsayin fayil, ba hoto ba, don WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa. Ki kuma gaya musu tun da wuri cewa waya da haske take haɗa launi, inji kuma da tawada, saboda haka shuɗi da kore masu ƙyalli kan dusashe a takarda.

Za ki ci karo da hotunan da ƙirƙirarriyar basira (AI) ta haɗa. Ba na hana ta a kowane darasi, amma ba ta shiga wannan, domin ba ta taɓa shiga gidan su yaron ba. In an ce ta zana gidan Bahaushe, sau da yawa wani gauraye take kawowa na ƙasashen Larabawa da wasu sassan Afirka. Su gwada a aji su ƙirga kurakuranta, darasi ne mai kyau. Ni ina karɓar hotunan asali da zanen takarda tare da fostar, kuma nan ake gane wanda ya sa inji ko mai shago ya yi masa.

Batun maki

Ƙa'idata ita ce ba a ba rayuwar yaro maki. Wanda ya kawo labari mai sa hawaye bai fi wanda ya kawo murfin tukunya ba, wanda ya zaɓi ɗabi'ar da malama ke so bai fi wanda ya zaɓi wata ba. Da zarar yara sun gane irin labarin da ke jawo maki, za su fara ƙirƙiro shi, mun koya musu ƙarya ke nan da sunan neman gaskiya. Aiki ake aunawa. Cikin 100 nakan ba da 30 ga kayan da ya samo da kansa, wato hotuna da hirar da ya yi, 20 ga zanen gwaji na takarda, 30 ga fostar kanta, 20 ga bayani. A fostar ina duba ko ana karanta ta daga ƙarshen aji, ko ido ya san inda zai fara, ko rubutu ya rabu da abin da ke bayansa, ko akwai abin da in an cire ba a rasa komai ba. Bayanin kuwa minti biyu ne a baki ko 'yan layuka a rubuce: me ya sa wannan launi, me ya sa a nan. "Haka kawai na ga ya yi kyau" ba ta da maki. A sanar da su wannan rabon tun ranar farko.

Ranar duba aiki, mai aikin ya yi shiru tukuna. 'Yan aji su faɗi abin da idonsu ya fara gani, sannan abin da suka fahimta, ba a yarda da "ya yi kyau" ko "bai yi ba". Bayan nan shi ya faɗi abin da ya nufa. In abin da suka gani ya bambanta da abin da ya nufa, ya san inda zai gyara ba tare da malama ta ce komai ba. Fostocin da suka riga suka kawo kuma kada ki yar, ki adana, a ƙarshen zango ki mayar wa kowa tasa tare da sabuwar. In wani ya dage a kan zakinsa, ki tambaye shi dalili. Wataƙila sunan da kakarsa ke kiran sa ke nan, ko yana cikin kirarin gidansu. In haka ne zakin nasa ne, sai a taimaka masa ya fito da wannan dalilin a aikin.

Akwai iyakar da ya kamata mu sani. Mu malaman zane ne, ba masu karanta zuciya ba. Yaro ya cika baƙi a aikinsa ba ya nufin yana cikin damuwa, wataƙila ya ga baƙi ya fi fito da rubutu ne. Kada a fassara masa abin da bai ce ba. Amma aikin da ke tura yaro gida yana iya taɓa ciwo: maraya, wanda iyayensa suka rabu, wanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyensu, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a yankinku. Shi ya sa nake cewa "inda kake zaune ko wurin da ka saba", ba "gidan babanka" ba, kuma kowa na da damar ya ce aikinsa malama kaɗai za ta gani. In wani abu ya fito da ya tayar miki da hankali, a keɓe za a yi maganar, a kai ga mai ba ɗalibai shawara ko wanda ya dace a makarantar. Zango ɗaya ba zai sa ɗan shekara goma sha biyar ya gama sanin kansa ba, abin da ya zaɓa bana yana iya ƙin sa baɗi, wasu kuma don maki kawai za su yi. In ajin ya kai mutum saba'in ko tamanin ba za ki iya zama da kowa ba, sai ki haɗa su bibbiyu su yi wa juna tambayoyin da na kawo a sama, ke ki bi waɗanda suka yi shiru.

In an gama, a buga waɗanda masu su suka yarda, a manna a barandar makaranta ranar da iyaye ke zuwa karɓar sakamako. Sa suna ko rashin sawa zaɓin mai aikin ne. A nemi yardar mutumin da aka yi hira da shi ma, domin maganarsa ce da kayansa za a nuna wa jama'a. Kafin a ɗora ko ɗaya a shafin makaranta na Facebook a samu izinin iyaye a rubuce, a kuma duba kada lambar gida, lambar babur ko lambar waya ta fito a hoton. Allah ya taimaka, Malama, ya sa albarka a aikin.